Takashi Murakami: mai zanen da ya haɗa gidan gwanjo da kanti

A watan Mayun 2003, gidan gwanjon Christie's da ke New York ya sayar da mutum-mutumin wata ma'aikaciyar gidan abinci mai dara-daran idanu da dogayen ƙafafu, irin waɗanda ake gani a katun ɗin Japan. Sunan aikin Miss Ko2, kuma an saye shi dala 567,500. A cikin wannan shekarar ce kuma kantunan Japan masu buɗewa dare da rana suka fara sayar da ƙananan kwafin ayyukan mai zanen, har da ita, kowanne cikin ɗan kwali tare da cingam, a kan yen 350. Ba ɓarayin fasaha ba ne suka kwaikwaya. Mai aikin ne da kansa, Takashi Murakami, ya sa aka yi, tare da kamfanin Kaiyodo mai ƙera ƙananan gumakan roba.

Duk dillalin zane na wancan lokacin zai ce maka wannan kashe kai ne. Kasuwar manyan zane-zane a kan ƙaranci take tsaye: abin da kowa zai iya samu ba ya tsada. Amma shekara biyar bayan haka, a Mayun 2008, gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da wani mutum-mutumin nasa, My Lonesome Cowboy, a kan dala miliyan 15.2. Arhar cingam ba ta karya farashin ba. In ma da wani abu, ita ta taimaka ya hau. Yadda hakan ta yiwu shi ne abin da ya cancanci a warware, domin tsarin da Murakami ya shimfiɗa shi ne mafi yawan masu zanen pop na yau, wato masu ɗauko hotunan talla da katun da kayan kanti su mayar zane, ke tafiya a kai.

An haife shi a Tokyo ranar 1 ga Fabrairun 1962, mahaifinsa direban tasi ne. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya yi aikin anime, wato katun mai motsi na Japan, amma da ya shiga jami'ar fasaha ta Tokyo sai ya ƙare a sashen nihonga. Wannan salo ne na zanen Japan da aka tsara a ƙarshen ƙarni na 19 don kare hanyoyin gargajiya daga ambaliyar zanen Turawa: launi daga niƙaƙƙen dutse, a kwaɓa da danƙon fatar dabba, a shafa a takarda ko siliki. Bai tsaya ba sai da ya yi digirin digirgir a 1993. Ke nan wanda mutane ke kallo a matsayin mai zanen furanni masu dariya, dakta ne a ɗaya daga cikin fannonin zane mafi tsauri da ra'ayin riƙau a ƙasarsa. Yana da kyau a riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya da saninsa ya yi.

A 1994 ya samu tallafin zama a New York, a ƙarƙashin shirin ɗakin zane na PS1. Can ya ga abin da ya sha faɗa a fili daga baya: Japan ba ta da kasuwa mai ƙarfi ta zanen zamani, kuma hukuncin wane ne babban mai zane a New York da Landan ake yanke shi. Dabararsa ita ce ya fara samun karɓuwa a Yamma, sannan ya komo gida da sunan da aka riga aka buga wa hatimi. To me zai kai musu wanda ba su da shi? Ba nihonga ba, ba kuma kwaikwayon abin da suke yi ba. Sai ya waiwayi abin da masu ilimin Japan ke rainawa: manga, wato littattafan katun na Japan, anime, kayan wasan yara, da duniyar otaku, samarin nan da ke kulle kansu a ɗaki da littattafan katun da gumakan roba.

Mene ne Superflat?

A 2000 ya ba wa tunanin nasa suna, Superflat, wato abin da yake a baje ƙwarai ba tudu ba kwari, ya shirya baje koli da wannan sunan a Tokyo, a 2001 kuma aka kai shi gidan adana zanen zamani na MOCA a Los Angeles. Magana uku ce ya dunƙule wuri guda, kuma sau da yawa masu sharhi ɗaya kawai suke ɗauka.

Ta farko ta shafi ido. Tun ƙarni na 15 zanen Turawa ke ƙoƙarin yaudarar mai kallo ya ga zurfi a kan shafi: na nesa ya ƙanƙance, inuwa ta ba jiki kauri. Masu zanen Japan na zamanin Edo, daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 19, ba su damu da wannan ba. Suna shimfiɗa launi a baje, layi ya ja idonka daga wannan kusurwa zuwa waccan. Murakami, bisa nazarin masanin tarihin zane Nobuo Tsuji, ya ce wannan hanyar ba ta mutu ba, ta koma cikin manga da anime ne.

Ta biyu ta shafi daraja. Katangar da ke tsakanin zane don kallo da zane don amfani, a cewarsa, baƙuwa ce a Japan, da Turawa ta shigo bayan 1868. Kafin nan manyan masu zane a kan ƙofofin takarda da mafitai da labulen katako suke aiki. Ogata Korin, ɗaya daga cikinsu, ya yi zanen tufafi da akwatunan ado. Shahararriyar igiyar ruwan da mai zane Hokusai ya zana, wadda aka buga wajajen 1831, ba kwafi ɗaya ba ce: dubbai aka buga daga sassaƙaƙƙen katako, talaka na iya saye. Gidan Kano, zuriyar masu zanen da ta yi wa sarakunan yaƙin Japan aiki kusan shekara 400, tamkar ma'aikata yake, maigida na tsarawa, almajirai na cikawa. Saboda haka idan aka ce wa Murakami ya zubar da mutuncin zane da ya hau jaka, amsarsa ita ce kakanninsa ba su san da wannan mutuncin ba tun farko.

Ta uku ita ce mai ɗaci, kuma ita aka fi mantawa. Yana ganin son abubuwa masu kama da na jarirai da ya mamaye al'adar Japan bayan yaƙin duniya na biyu alama ce ta ƙasar da aka ci da yaƙi, aka jefa mata bom ɗin nukiliya biyu, aka bar tsaronta a hannun Amurka, ta zama kamar yaron da ba a bari ya girma ba. Baje kolin da ya shirya a New York a 2005 ya sa masa suna Little Boy, wato laƙabin bom ɗin da aka jefa wa Hiroshima. Abin ya taɓa gidansu ma. Mahaifiyarsa 'yar Kokura ce, garin da aka nufa da bom na biyu ranar 9 ga Agustan 1945, amma gajimare da hayaƙi suka rufe shi, jirgin ya juya zuwa Nagasaki. Wanda ya san wannan, idan ya dubi laimar kwaɗin da ke cike da idanu a zanensa, ko ƙoƙunan kai masu launin alewa, ko Mr. DOB, halittar da ya ƙirƙira a 1993 wadda wani sa'in take murmushi wani sa'in ta yage baki da haƙora kamar zarto, zai ga wani abu dabam da wanda mai sayen rigar ke gani.

Ma'aikatar da ke bayan furen

A 1996 ya buɗe ɗakin aiki mai suna Hiropon Factory, a 2001 ya mayar da shi cikakken kamfani, Kaikai Kiki. Babban wurin aikin yana lardin Saitama kusa da Tokyo, da reshe a New York. Yadda zane ɗaya ke fitowa daga can ya isa ya bayyana komai. Murakami zai zana da hannu, sau da yawa ɗan ƙarami. A ɗauki hotonsa zuwa kwamfuta, a mayar da layukan irin waɗanda za a iya faɗaɗawa ko a rage ba tare da sun dushe ba. A ba kowane launi lamba. Daga nan a fitar da rariyar siliki da za a buga layukan a kan kyalle, ma'aikata su bi da fenti, shafi bisa shafi, su goge da takardar yashi, su sake shafawa, har sai babu sawun buroshi ko ɗaya. A bayan kyallen ana rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin, abin da ba kowane babban mai zane mai ma'aikata ke yi ba.

Ka lura da inda asalin aikin yake: a cikin kwamfuta. Fayil ɗin da ya haifi zanen da ya cika bango shi ne zai haifi fosta, matashin kujera, maƙalin mabuɗi da fuskar agogo. Ba a nan ake ɗauko zane a rage masa daraja a liƙa a kaya ba, tun farko an gina shi ya iya sauka ko'ina. Shi ya sa haƙƙin mallaka ya zama jarin kamfanin na gaskiya. Ba banza ba babban baje kolin ayyukansa na 2007 aka sa masa suna ©MURAKAMI, da alamar haƙƙin mallaka a gaba.

Jakar da ta canja lissafi

A 2002 Marc Jacobs, wanda a lokacin ke jagorantar zane a kamfanin Louis Vuitton na Faransa, ya gayyace shi ya taɓa tambarin gidan, wanda tun 1896 yake launin ƙasa-ƙasa. A 2003 sakamakon ya fito: haruffan LV da furanninsu cikin launi 33 a kan fari ko baƙi. Daga baya aka ƙara da furen ceri, da 'ya'yan ceri masu fuska, da zanen kakin soja. Jakunkunan sun karɓu fiye da zato, masu jabu suka cika duniya da kwafinsu, haɗin gwiwar kuma ta ɗore har 2015. Ba a saba ganin irin wannan tsawon rai ba a harkar da yayi ke shuɗewa duk wata shida.

Abin da ya tayar da ƙura ya zo a 2007. A tsakiyar baje kolin nasa na ©MURAKAMI a MOCA aka kafa shagon Louis Vuitton na gaske, da ma'aikata da na'urar karɓar kuɗi. Ba a bakin ƙofar fita ba, inda aka saba ajiye shagon tsaraba, a cikin baje kolin kansa. Kana kallon zane, ka taka 'yan matakai, ka sayi jaka. Da baje kolin ya koma gidan adana kayan tarihi na Brooklyn a 2008, a daren buɗewa aka jera rumfuna a waje irin na masu tallan jabu a bakin titi, amma kayan da ke kai na gaske ne, farashin ma na gaske.

Wata shari'a da ta biyo baya ta fi kowace muƙala fayyace lamarin. A shagon na MOCA an sayar da wasu ƙananan alluna masu zanen tambarin, da sa hannun Murakami da lambar kwafi. Wani da ya sayi biyu, kowanne dala 6,000, ya kai ƙara yana cewa an ɓoye masa cewa kyallen da ake ɗinka jaka da shi ne kawai aka miƙe a kan katako. Mutumin yana da hujjar jin haushi, sai dai abin da ya gano shi ne ainihin abin da mai zanen ke faɗa tun 2000. Kyalle ɗaya ne. Idan aka ɗinka masa hannu sunansa jaka, idan aka rataye shi da sa hannu sunansa zane, kuma bambancin kuɗin ba a cikin kyallen yake ba.

Me ya sa arha ba ta kashe tsada ba?

Domin ba kaya ɗaya ake sayarwa ba, matakala aka gina. A ƙasa akwai abin da ba shi da iyaka: baji, riga, matashi, katin wasa. Sama da shi akwai bugun da aka ƙayyade adadinsa, sau da yawa kwafi 300, da lamba da sa hannu. Sama da wannan akwai kayan alatu na haɗin gwiwa, jaka ko agogon Hublot. A ƙoli kuma zane guda ɗaya tilo ko mutum-mutumi mai kwafi kaɗan, wanda sai ta hannun manyan dillalai irin Gagosian da Perrotin ake samu, kuma ba duk mai kuɗi suke sayar wa ba.

Kowane mataki yana ciyar da ɗan'uwansa. Kayan arha su ke yaɗa hoton har ya zama sananne ga wanda bai taɓa shiga gidan zane ba, kuma attajiri ya fi son ya rataye abin da baƙonsa zai gane daga bakin ƙofa. Labarin gwanjon miliyoyi kuma shi ke sa matashin da ya sayi riga ya ji ya samu ɗan yanki na wani babban abu. Gidan adana zane yana ba da hatimin daraja, shi kuma yana samun cincirindon matasan da da ba za su zo ba. Kamfanin kaya yana sayen mutuncin da talla ba ta iya saya masa. Abin da ake tsarewa da gaske shi ne adadi a matakan sama. Hoton ya yaɗu yadda ya ga dama, amma na sa hannu ba ya ƙaruwa.

Ba shi ya fara ba. Andy Warhol mai zanen tallan takalma ne kafin ya jera zane 32 na gwangwanayen miyar Campbell's a 1962, kuma shi ma Factory ya kira ɗakin aikinsa. Keith Haring ya buɗe Pop Shop a New York a 1986 yana sayar da riguna da baji, aka zarge shi da sayar da kai. Bambancin shi ne Warhol ya ɗauko kayan kanti ya kai gidan zane, Murakami kuwa ya mayar da hanyar mai zuwa da dawowa, ya kafa mata kamfani, ya kuma rubuta mata falsafa. Waɗanda suka zo daga baya ba su ma buƙaci falsafar ba. A Afrilun 2019 an sayar da zanen KAWS, Ba'amurken da ya fara da rubutun bango, a kan kusan dala miliyan 14.8 a Hong Kong. Wata biyu bayan haka mutane suka riƙa turereniya a shagunan Uniqlo na China don rigunansa masu arha. Yayoi Kusama ta yi aiki da Louis Vuitton a 2012 da 2023, Jeff Koons a 2017. Abin da ya zama abin kunya a 2007 yanzu shi ne al'ada.

A nan ne nake ganin maganar Superflat ta yi gaskiya rabi. Ta baje shafin zanen, ta baje katangar da ke tsakanin gidan zane da shago, amma ba ta baje farashi ba, kuma ba za ta iya ba, don da ta baje shi da tsarin ya rushe. Mai katin wasa da mai zanen miliyoyi hoto ɗaya suke kallo, amma ɗaya ya kashe kuɗi ne, ɗayan ya ajiye dukiya. Sai kuma matsala ta biyu: sukar ba ta bin kayan. Maganar Hiroshima da ƙasar da aka hana girma tana cikin kasidun baje koli, ba ta cikin jaka. Mai saye fure mai dariya yake gani, shi ke nan. Masu kare shi za su ce ai wannan shi ne sukar, ya nuna maka fanko ka kuma saya da murna. Wannan hujja ce mai daɗin faɗa, amma tana da illa: babu yadda za a yi ta faɗi, domin duk yawan cinikin da aka yi sai a ce ya ƙara tabbatar da ita.

Duk da haka kuskure ne a ɗauke shi ɗan kasuwa kawai. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011, ya yi The 500 Arhats, zanen almajiran Buddha mai tsawon mita 100 da tsayin mita 3, da taimakon ɗimbin ɗaliban makarantun zane. A Doha aka fara nuna shi a 2012, don godiya ga Katar kan agajin da ta ba Japan, sai a 2015 ya isa gidan zane na Mori a Tokyo. Tsofaffi ne ramammu, masu karkatattun haƙora da jajayen idanu, babu wanda zai so su a jikin jaka. Irin wannan aikin kuɗin furanni ne ke ɗaukar nauyinsa. Haka ma kasuwar baje kolin GEISAI da ya fara a 2002 don matasan masu zane su sayar da aikinsu kai tsaye, da masu zane irin Aya Takano da wani da ake kira Mr., waɗanda kamfaninsa ya reno har suka yi suna a waje.

Sai dai ma'aikata tana da ciki, kuma kullum sai ta ci. Albashi, haya, kayan aiki, ba sa jiran ilhama. A Yulin 2020, da annobar korona ta tsayar da baje koli da ciniki, ya fito a Instagram ya ce kamfaninsa na dab da durƙushewa, ya kuma dakatar da kashi na biyu na fim ɗin da ya daɗe yana zuba wa kuɗi. A 2022 ya kai wa kasuwar NFT, inda ake sayen shaidar mallakar hoton kwamfuta da kuɗin kirifto, furanni 11,664, wato 108 sau 108, lambar da ke da ma'ana a addinin Buddha. Ya fito da su daidai lokacin da kasuwar kuɗin kirifto ke rugujewa, farashi ya faɗi, har ya nemi afuwar masu saye a Twitter. Ka yi tunanin mai zane yana ba da haƙuri, ba don aikin ya yi muni ba, sai don jarin mutane bai hau ba. Wanda ya gayyaci masu zuba jari cikin gidansa dole ya amsa irin tambayoyinsu.

Daga baya abubuwa sun sake miƙewa. A Janairun 2025 Louis Vuitton ya sake fito da jakunkunan launi 33, wannan karon ga waɗanda suke yara lokacin da aka fara yayinsu. Amma misalin da ya fi nuna tsarin yana aiki shi ne na Kyoto a 2024. Gidan adana zane na birnin, Kyocera, ba shi da isasshen kuɗin babban baje kolin da aka tsara. Sai aka bi ta wani tsarin haraji na Japan da ke ba mutum damar tura wani kaso na harajinsa ga garin da ya zaɓa, a ba shi tukwici. Tukwicin da aka sa shi ne katunan wasa masu zanen Murakami. Masu tara katuna suka yi ca, abin da aka tara ya haura yen miliyan 300, har aka buɗe wa ɗaliban sakandare da na jami'a da ke zaune ko karatu a Kyoto ƙofa su shiga kyauta.